Jirgin da aka ƙera da falo da makewayi, yaƙi ya mai da shi mai jefa bam

Injiniyan Zariya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Hoton nan da na ɗora, ku tsaya ku dube shi da kyau kafin ku wuce. Jirgin sama ne yana gab da sauka a kan ƙanƙara, ga mutum biyu tsaye a kan gadon bayansa, a waje, ba a ciki ba. Ba haɗin kwamfuta ba ne. A farkon 1914 aka ɗauke shi a Rasha. Sunan jirgin Ilya Muromets, shi ne jirgi mai inji huɗu na farko da aka kai fagen daga ya jefa bama-bamai. Wanda ya zana shi, Igor Sikorsky, shekararsa 24 a lokacin. Ku tuna a Disamba 1903 ne 'yan'uwan nan biyu na Amurka, su Wright, suka yi tashinsu na farko, daƙiƙa 12 suka yi a sama. Shekara goma kacal bayan nan, a Disamba 1913, wannan ƙaton ya tashi a Sant Fitasbag, faɗin fukafukansa wajen mita 30.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ba don yaƙi aka ƙera shi ba. Jirgin fasinja ne. Akwai falo da kujerun saƙa, akwai ɗakin kwana, akwai makewayi, akwai wutar lantarki daga ƙaramin janareta da iska ke juyawa. Ɗumama ɗakin kuwa da bututun salansa ake yi, an biyo da shi ta ciki don maganin sanyin Rasha. A Fabrairu 1914 ya ɗauki mutum 16 da kare ɗaya ya tashi da su. Wata shida bayan haka Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, aka kwashe kujerun aka zuba bama-bamai a gurbinsu. Ina so mu tattauna a kansa, don a ganina ba a ba shi haƙƙinsa ba.

Ɗalibin Gombe: Wa alaikumus salam Yaya Injiniya. Wallahi na ɗauka Sikorsky na helikwafta ne kawai. Mutum ɗaya ne?

Injiniyan Zariya: Shi ne dai, ƙanena. Haifaffen Kiyef ne, 1889. Helikwaftan sai a 1939, bayan ya daɗe da komawa Amurka. Za mu zo wurin.

Bakaniken Panteka: Injiniya barka da wannan. Ni tambayata ta masu baƙin hannu ce. Me ya kai mutum saman jirgi yana tafiya? Ganganci ne ko aiki ne?

Injiniyan Zariya: Oga, na hoton nan wani dandamali ne mai shinge da aka yi a bisa jikin jirgin, ana hawa ta tsani daga ciki, kuma gudun jirgin bai wuce kilomita 100 da 'yan kai a awa ba, don haka mutum zai iya tsayuwa in ya riƙe ƙarfe. Amma tambayarka ta taɓo zuciyar maganar. Sikorsky ya san injinan zamaninsa ba abin dogaro ba ne, suna mutuwa a sama yadda tsohuwar mota ke mutuwa a hanya. Shi ya sa ya jera huɗu a kan fiffiken ƙasa, biyu dama biyu hagu, ya kuma bar ƙofa a kowane gefe da wurin taka ƙafa, yadda bakanike zai fita ya isa ga inji alhali jirgin na tafiya.

Masana na lokacin sun ce ba za ta yiwu ba. Hujjarsu ita ce in injin gefe ɗaya ya mutu, na ɗaya gefen za su murɗe jirgin ya yi ta juyi har ya faɗo. Sai ya tsawaita jikin jirgin, ya ƙara girman jela, yadda matuƙi zai iya danne wannan murɗiyar. Sun kuma ce matuƙi ba zai iya tuƙi a rufaffen ɗaki ba, wai sai iska na dukan fuskarsa zai gane ko jirgi ya karkace. Ya rufe ɗakin da gilashi, ya sa na'urori. Duk wannan ya fara gwada shi ne a jirgin da ya riga Muromets, wanda ake kira Grand, daga baya Russky Vityaz, a 1913. Sarki Nikolas na Biyu da kansa ya hau tsani ya shiga cikinsa ya duba, ya ba Sikorsky kyautar agogon zinariya. Wannan jirgin kuma ƙarshensa abin mamaki ne: yana ajiye a ƙasa, inji ya ɓalle daga wani jirgin da ke wucewa ta sama ya faɗo masa a fiffike. Maimakon ya gyara, sai ya ce gara ya gina sabo wanda ya fi shi.

Malamar Damagaram: Sannunku da hira. Malam Injiniya, ka ba Oga Bakanike labarin tafiyar Kiyef mana, shi ne amsar tambayarsa. Ko in bayar?

Injiniyan Zariya: Bismillah Malama, ke ce mai tarihi.

Malamar Damagaram: A ƙarshen Yuni 1914 Sikorsky ya ɗauki Muromets na biyu ya nufi garinsu Kiyef daga Fitasbag, tafiyar kilomita wajen 1,200. Su huɗu ne: shi, da hafsan soja Prussis, da hafsan sojan ruwa Lavrov, da bakanikensa Panasiuk. Sun tashi da dare, suka ci abinci a kan tebur a sararin sama, abin da ba a taɓa yi ba a jirgi mai fukafukai. Suka sauka a Orsha suka sha mai. Tashinsu daga nan ke da wuya sai bututun mai na inji ɗaya ya fashe, fetur ya zuba a kan salansa mai zafi, wuta ta kama fiffike. Ku tuna fiffiken nan katako ne da yadi da aka shafe da sinadari mai saurin kamawa. Panasiuk da Lavrov suka fita ta ƙofar gefe, suka tako kan fiffiken, suka cire manyan rigunansu na sanyi suka yi ta bugun wutar har ta mutu. Suka sauka, suka gyara bututun, washegari suka ci gaba cikin hadari da ruwan sama har Kiyef.

To amma ku lura da kwanan wata. A ranar 28 ga Yuni aka harbe yariman Ostiriya, Franz Ferdinand, a Sarayebo. Wato tafiyar da ta isa ta buɗe wa duniya sufurin fasinja ta sama, a makon da aka kunna wutar yaƙin duniya aka yi ta. Shi ya sa labarin ya nutse.

Bakaniken Panteka: Allahu Akbar. Da riga suka kashe wutar fetur a sama! Malama, na taɓa kashe wutar kabureta da buhun algarara a ƙasa, ƙafafuna a kan turɓaya, kuma sai da na kwana biyu hannuna na rawa. Wannan Panasiuk ɗin namiji ne.

Ɗan Agadas: Ku yi haƙuri zan shigo da tawa, kuma ba za ta yi wa Injiniya daɗi ba. Na yarda jirgin abin burgewa ne a matsayin ƙira. Amma a matsayin makami me ya tsinana? Alƙaluman da ake yawan kawowa su ne an gina wajen 80, sun fita aiki sama da sau 400, sun jefa bam tan 65 a tsawon yaƙin gaba ɗaya. Ku raba 65,000 da 400, kilo 160 da ɗoriya ke nan a kowace fita. Tan 65 kuwa buhun siminti 1,300 ne, tirela biyu da 'yan kai. A Yaƙin Duniya na Biyu, jirgin Lancaster ɗaya na Ingila yana ɗaukar sama da tan 6 a dare guda. Wato Lancaster goma sha ɗaya a dare ɗaya sun sauke abin da rundunar Muromets ta sauke a shekara uku. Kuma Rasha ta sha kashi a wannan yaƙin. Ina tasirin?

Injiniyan Zariya: Malam, lissafinka daidai ne, ban ja da shi ba. Awon ne bai dace ba. Ka ɗauki jariri ka ɗora a sikeli ɗaya da jikansa da ya girma. A 1915 ƙananan jirage da hannu matuƙi ke jefa 'yan gurnetoci ta gefe. Muromets yana ɗauke da bama-bamansa a cikin ciki, yana sakinsu ta ƙofar ƙasa, da na'urar saiti. A shekarar ce ma suka gwada jefa bam guda ɗaya mai nauyin kilo 400.

Sannan ba duk fita ce ta jefa bam ba. Da yawa leƙen asiri ne. Jirgin yana iya yin awa huɗu ko biyar a sama, ya shiga can bayan layin Jamusawa da kyamara, ya ɗauko hoton tashoshin jirgin ƙasa da gadoji da inda ake tara sojoji. A fagen da ya miƙe daga tekun Baltik har ƙasar Romaniya, kwamandan da ya san inda taragon abokin gaba suka nufa ya fi wanda aka ba ƙarin bam tan goma. In kuma sun jefa, tashar jirgin ƙasa suke nema. A 1915 wani Muromets da ake wa laƙabi da Na Kiyef, ƙarƙashin matuƙi Bashko, ya sami jirgin ƙasa maƙare da harsasan igwa a tashar Przeworsk, ya tashe shi. Bam kilo kaɗan ne, amma abin da ya fashe a ƙasa ba kilo kaɗan ba ne.

Ɗan Agadas: Na karɓi maganar leƙen asiri. Amma ka faɗa wa jama'a cewa da farko su kansu janar-janar ɗin Rasha sun so su soke kwangilar.

Injiniyan Zariya: Haka ne. Biyun farko da aka tura fage a 1914 ba su yi abin kirki ba, aka rubuta rahoto cewa jirgin ba ya iya hawa sama sosai, injinansa ba su da tabbas. Wanda ya ceci lamarin shi ne Mikhail Shidlovsky, shugaban kamfanin da ke ƙera shi, Russo-Balt, kamfanin da asalin sana'arsa taragon jirgin ƙasa ce a Riga. Ya ce laifin ba na jirgin ba ne, na rarraba shi ne ɗaya-ɗaya ga mutanen da ba su san shi ba. A tara su wuri guda, da bakanikensu da kayan gyaransu da makarantarsu. A Disamba 1914 aka kafa rundunar da suka kira ta Jiragen Ruwa na Sararin Sama, aka ba shi muƙamin manjo janar ya shugabance ta, sansaninsu a Yablonna kusa da Warso. A Fabrairu 1915 suka fara kai hari. Wannan tsarin na tara manyan jirage ƙarƙashin kwamanda ɗaya, shi kowace ƙasa ta bi daga baya.

Ɗalibin Gombe: Yaya, to jirgi mai girma haka kuma ba ya gudu, ai harbo shi ba zai yi wuya ba?

Malamar Damagaram: Abin mamakin ke nan, ɗana. A duk tsawon yaƙin, guda ɗaya tak jiragen abokan gaba suka kakkaɓo a faɗan sama. A Satumba 1916 ne, jirgin Laftanar Maksheyev, jiragen Jamus suka yi masa taron dangi, duk mutanen cikinsa suka mutu. Jamusawan da kansu suka binne su da girmamawar soja. Dalilin wuyar harbo shi kuwa, bindigogin mashinga ne ta kowace fuska, ga inji huɗu, in an kashe ɗaya ko biyu yana iya lallaɓawa ya koma gida. Daga baya aka gane ta baya ake zagayo shi, sai Sikorsky ya yi wa maharbi mazauni a can ƙarshen jela. Da yake cikin jikin jirgin wayoyi ne a gicce ko'ina, sai aka shimfiɗa ɗan layin dogo a ciki, maharbi ya kwanta a kan ƙaramin kura ya ja kansa har wutsiya.

Ɗan Agadas: Malama, a yi adalci. Guda ɗaya a faɗan sama, na ji. Amma nawa suka lalace wajen sauka da tashi, nawa igwar ƙasa ta illata? Kuma fagen gabas ba shi da cunkoson jiragen farauta irin na fagen Faransa. Da a can aka kai shi da rana tsaka, da labarin ya sha bamban. Jamusawa da jiragensu na Gotha, da Turawan Ingila da Handley Page, duk sai da suka koma kai hari da dare.

Malamar Damagaram: Wannan gaskiya ce, ba ni da ja. Haɗari ya ci jiragen fiye da yadda abokin gaba ya ci.

Bakaniken Panteka: Ni fa har yanzu ina kan inji. Injiniya, wane inji ne a jikinsa? Na Rasha ne?

Injiniyan Zariya: Oga ka sa yatsa a kan gyambon. Injin da aka tsara jirgin a kansa Argus ne, kuma Argus ɗan Jamus ne. Na farkon kowane ɗaya ƙarfin doki 100. Ranar da aka shelanta yaƙi, mai sayar maka da inji ya zama wanda za ka je ka jefa wa bam. Rasha tana da katako, tana da kafintoci, tana da Sikorsky, amma ba ta da masana'antar da za ta fitar da injin jirgi mai ƙarfi da yawa. Sai aka shiga roƙon ƙawaye. Aka kawo Salmson daga Faransa, faffaɗan goshi gare shi, yana tare iska, jirgin ya kasa hawa yadda ya saba. Aka kawo Sunbeam daga Ingila, matuƙa suka yi ta kuka da shi, ba ya ba da ƙarfin da aka rubuta a takarda, ga yawan lalacewa. Daga baya aka sami Renault mai ƙarfin doki 220, shi ne ya ɗan share musu hawaye. Kamfanin ya yi nasa, RBVZ-6, bisa tsarin injinan Jamus, kuma ya yi kyau, sai dai kaɗan aka iya fitarwa, ga shi a 1915 dole aka kwashe masana'antar Riga gaba ɗaya saboda Jamusawa sun matso.

Saboda haka za ka ga an gama jikin jirgi yana zaune yana jiran inji. Za ka ga jirgi ɗaya da inji iri biyu, na ciki daban na waje daban. Tsofaffin Argus ɗin nan kuwa kamar zinariya, in jirgi ya tsufa sai a cire su a ɗaura wa sabo.

Bakaniken Panteka: To ai shi ke nan, magana ta fito. Kayan aro ba ya rufe katara. Wallahi Injiniya wannan ciwon na san shi a jikina. Akwai babbar motar wani bawan Allah da ta yi wata huɗu a garejina, komai nata lafiya, bodi sabo, taya sabo, famfon mai kawai ake jira daga waje. Kullum sai ya zo ya zauna a kan benci ya dube ta, yaransa na makaranta da ita ake biya musu. Ƙarshe na wata mota daban muka yi wa dabara muka ɗaura, ta tashi, amma ba ta ƙara jan kaya yadda take ja ba. Inji iri biyu a jirgi ɗaya kuwa, ka tausaya wa bakaniken. Fulogi daban, sifana daban, saitin bawul daban, kuma a cikin sanyin da mai ke daskarewa. Malam na Agadas, kilo 160 ɗin nan da ka lissafa, ka tambayi injin, kada ka tambayi mai zanen.

Ɗan Agadas: Oga, a nan kam mun haɗu. Ni dama abin da nake cewa ke nan ta wata hanya: makami ba zane ba ne kawai, har da masana'antar da ke bayansa. Jamus ta zo daga baya, amma da yake injinta nata ne, ta gina jirgin Zeppelin-Staaken mai faɗin fiffike mita 42, wanda a Fabrairu 1918 ya jefa bam mai kilo 1,000 a Landan.

Malamar Damagaram: Tunda ana maganar bakanike, akwai wanda bai kamata a rufe zancen nan ba a ambace shi ba. Marcel Pliat, baƙar fata ne ɗan ƙasar Faransa da ke zaune a Rasha, ya shiga rundunar a matsayin bakanike kuma maharbi. A Afrilu 1916 jirginsu ya kai hari tashar jirgin ƙasa ta Daudzeva, a Latbiya ta yau. Igwar ƙasa ta same su, matuƙi ya ji rauni, injina suka illata. Pliat ya fita kan fiffike ya daɗe yana gyara a cikin iska har jirgin ya iso gida da ramukan harsashi a ko'ina. An ba shi lambar jarumta ta Sant Joj. Duk lokacin da na nuna wa ɗalibaina hotonsa cikin kakin sojan Rasha sai aji ya yi tsit.

Ɗalibin Gombe: Ikon Allah. Malama, shi kuma sunan jirgin, Ilya Muromets, sunan wani janar ne?

Malamar Damagaram: A'a, gwarzo ne na tatsuniyoyi da waƙoƙin gargajiyar mutanen Rasha da Yukren. Ana cewa gurgu ne, yana kwance har ya shekara 33, sannan ya miƙe ya zama barden da ke kare Kiyef.

Baba Tsohon Soja: Na karanta duk abin da kuka rubuta tun daga sama, jikata ce ke riƙe min wayar. 'Ya'yana, kun yi maganar inji, kun yi maganar fiffike, kun yaba jaruman da ke sama. Ba wanda ya yi maganar na ƙasa. Ni na taɓa kwanciya a rami ina jin ƙugin jirgi a kaina, ban san ko namu ba ne ko na wasu. Mutum ba ya iya gudu, ba ya iya ramawa, sai salati. Tashar jirgin ƙasa da kuke cewa an tasa, ai akwai mai share dandamali, akwai mai sayar da shayi, akwai gidaje a bayanta. Injiniya, ka ce ba a ba jirgin nan haƙƙinsa ba. To a haɗa da wannan a cikin haƙƙin nasa. Ƙofar da ya buɗe ba ta sake rufuwa ba. Mu nan Kaduna ba mu manta da Tudun Biri ba, Disamba 2023, mutane suna taron Mauludi abu ya sauko musu daga sama. Wanda ya saki abin bai ga fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba.

Injiniyan Zariya: Allah ya ƙara girma Baba. Na karɓi gyara, kuma ba ni da abin karewa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Abin da zan iya faɗa na gaskiya shi ne rundunar Muromets tashoshi da sansanoni da rumbunan makamai ta fi nema, ba a san ta da kai wa birane hari don tsorata jama'a ba. Amma na'urar saitin zamanin ba ta bambanta rumbu da gidan da ke jikinsa, kuma dabarar da aka fara a kan tasha ba ta tsaya a tasha ba. Ranar 13 ga Yuni 1917 jiragen Gotha suka zo Landan da rana, suka kashe mutum 162. Bam ɗaya ya huda rufin makarantar firamare a unguwar Poplar ya fashe a ajin ƙananan yara, 18 suka mutu, yawancinsu 'yan shekara biyar. Wata guda bayan nan gidan sarautar Ingila ya sauya sunansa zuwa Windsor, don tsohon sunan nasu na Jamusanci ne kuma akwai kalmar Gotha a ciki.

Malamar Damagaram: Baba, in ƙara a kan taka. Ƙofar ma a nahiyarmu aka fara tura ta. Bam na farko da aka taɓa jefawa daga jirgin sama a yaƙi, a Libiya ne, ranar 1 ga Nuwamba 1911. Wani hafsan Italiya, Giulio Gavotti, ya jefa gurneti huɗu da hannunsa a Ain Zara da Tajura, kusa da Tarabulus, garin da fatakenmu na Kano da Damagaram suka yi ƙarnoni suna kai wa fata da gashin jimina. Kuma jiragen da suka fara sauka a Kano a Nuwamba 1925, guda uku daga Masar, samfurin DH.9A ne na sojan saman Ingila, su ma asalinsu ƙananan masu jefa bam ne.

Baba Tsohon Soja: Ban san wannan ba, 'yata. Allah ya yi miki albarka. Ku ci gaba, ina saurare.

Ɗalibin Gombe: Yaya Injiniya, ka yi alƙawarin faɗa min yadda aka ƙare.

Injiniyan Zariya: Ƙarshen ba daɗi. Da sojan Rasha suka yi ta ja da baya, rundunar ta yi ta ƙaura, daga Yablonna zuwa Lida, zuwa Pskov, zuwa Binitsa a Yukren. Juyin juya halin 1917 ya tarwatsa ta, sojoji suka watse, jiragen da ke Binitsa da yawa aka cinna musu wuta don kada su faɗa hannun Jamusawa. Shidlovsky, mutumin da ya tsaya wa jirgin tun farko, 'yan Bolshebik masu juyin juya hali suka kashe shi. Sikorsky ya fice a 1918, ya bi ta Faransa, ya isa Amurka a 1919 ba shi da komai, har koyar da lissafi ya yi wa 'yan gudun hijira 'yan'uwansa don ya ci abinci. A 1923 ya kafa kamfaninsa a wata gonar kaji kusa da Niyok, daga nan manyan jiragen fasinja masu sauka a kan ruwa, daga nan helikwafta. Ya rasu a 1972.

'Yan ragowar Muromets kuwa Jan Soja, wato rundunar 'yan Bolshebik, ya yi amfani da su a yaƙin basasa. A 1921, daga Mayu zuwa Oktoba, aka sa su jigilar wasiƙu da fasinja tsakanin Mosko da Karkof, wato aikin da aka ƙera jirgin dominsa tun farko, bayan shekara bakwai. Ba a daɗe ba aka dakatar, katako ya gaji, injinan sun ƙare. Babu ko ɗaya na asali da ya rage. Wanda ke gidan tarihin jiragen sama na Monino kusa da Mosko kwaikwayo ne aka gina daga baya.

Ɗan Agadas: Har a jigilar wasiƙun ma injin ne ya sake kayar da shi. Injiniya, na sauko daga rabin matsayina, rabin kuma ina nan. Wani makon ka kawo mana jirgin Caproni na Italiya mu gwada su, shi inji uku gare shi kuma na gida.

Bakaniken Panteka: Kafin ku tafi Italiya, Injiniya, in kana da hoton Argus ɗin nan ta gefe, a kan fiffike, turo min. Ina so in ga ta inda suka biyo da bututun man da har ya fashe a kan salansa, da kuma inda Panasiuk ya sami wurin dafawa.